Wakafi Don Neman Ilmin Jirgin Ruwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa bayinsa kogi da teku, su ci kifi daga ciki, su yi fatauci a bisa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan bayani ne zuwa ga malamai masu almajirai da attajirai masu fatauci, tun ba na Kudenda da Kakuri da sauran unguwannin kudancin kogin Kaduna ba, bisa wani fanni na ilmi wanda mutanen Arewa suka bar wa waɗansu, alhali kuwa dukiyarsu da rayukan 'ya'yansu sun rataya gare shi. Shi ne ilmin kiyaye lafiyar jirgin ruwa da abin da ya ɗauko, da kuma maganar wanda zai biya kuɗin neman wannan ilmi har a kai matuƙarsa.

Fasali na farko: Ina ruwan Kudenda da teku?

Mai karatu zai ce, ina ruwan mutumin Kudenda da teku, ga shi tsakaninsa da Ikko tafiyar yini guda ce cur a mota? Amsa tana bakin ƙofarsa. Kogin nan da ya ke gani ya taso ne daga duwatsun Jos, ya ratsa garin Kaduna, ya bi ta gefen Kudenda, ya gangara Shiroro da Zungeru da Wushishi, tafiyar kilomita kimanin 550, kāna ya zuba cikin Kwara kusa da Muregi, daura da Fategi. Kwara kuwa ba ta tsayawa sai teku. A Muregin nan ne Kuta ya ke zaune, watau sarkin Nufawan nan masu jirage da a ke kira Kede, waɗanda tun zamanin da su ne masu fito da dakon haja a wannan yanki na Kwara.

Kakannin attajiran yau sun san wannan hanya sarai. Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta Baro ta isa Kano a 1911, jirgin ruwa ne ke hawo da kaya daga bakin teku har Baro, sa'an nan jirgin ƙasa ya ƙarasa da su Arewa. A watan Janairu na 1918 ba wanda zai zaci za a yi tashar jirgin ruwa a inda ba teku, amma shekara ɗari daidai bayan nan, a watan Janairu na 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar tsandauri a Kakuri, maƙwabciyar Kudenda. Ma'anarta, ɗan kasuwa ya yi odar haja daga Sin ko Indiya, a rubuta Kaduna a takardar jirgi, kwantena ta sauka Ikko a wuto da ita a rufe, a yi sha'anin kwastan a nan gida. An buɗe irinta mai suna Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024.

Ku sani fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin hajar da duniya ke saye da sayarwa tsakanin ƙasa da ƙasa, jirgin ruwa ne ke ɗaukarta. Alkamar da a ke niƙawa a yi burodi da taliya mafi yawanta ta teku ta ke shigowa Nijeriya, haka injunan masana'antu da yadi da babura da magani. A watan Maris na 2021 jirgi ɗaya tak mai suna Ever Given ya gitta a mashigin Suwes ta Masar kwana 6, jirage fiye da 300 suka yi cirko-cirko suna jira. Duk wanda ya ke da kwantena a cikinsu, ko a Kudenda ya ke kwana, ya ji a jikinsa.

Fasali na biyu: Abin da ya fi dukiya

Asarar haja ana mayar da ita, rai kuwa ba a mayarwa. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ya taso daga ƙasar Bargu zuwa Wara ta jihar Kabi da mutum fiye da 150, tare da babura da buhuna, ya dare a tsakiyar Kwara, waɗanda aka ceto da rai kimanin 20 ne kurum. Ranar 30 ga Nuwamba ta wannan shekara, a madatsar ruwan Watari ta Bagwai a jihar Kano, kwalekwale ya kife da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su wajen Maulidi, aka rasa rai 29, mafi yawansu yara ƙanana. A watan Yuni na 2023 'yan biki fiye da 100 suka halaka kusa da Fategi, suna komowa cikin duhu, ba nisa da inda ruwan Kaduna ke gamuwa da Kwara. Daren 1 ga Oktoba 2024 jirgi mai ɗauke da mutum wajen 300, yawancinsu mata da yara, ya nutse kusa da Gbajibo ta ƙasar Makwa, su ma sha'anin Maulidi ne ya fito da su, wajen rabinsu aka samu aka tsamo a wannan dare. Allah ya ji ƙansu, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyayensu haƙuri.

Wanda ya dubi waɗannan masifu zai ga sababinsu kusan ɗaya ne: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare ba fitila, tsohon katako, kututture a ƙarƙashin ruwa, ga rashin rigar ceto. Manyan jiragen teku ma ba su tsira daga irin wannan ba. Jirgin ƙasar Sanagal mai suna Joola, wanda aka yi shi don mutum ƙasa da 600, ya kife daura da Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002, aka lissafta matattu 1,863, masu rai 64. A Bahar Maliya, wadda alhazan Hausa na dā su ke ƙetarewa daga Sawakin zuwa Jidda, wani jirgin Masar ya nutse a watan Fabrairu na 2006 da mutum wajen 1,000.

Fasali na uku: Mene ne wannan ilmi?

Jirgi yana tsayawa bisa ruwa ne da ma'auni. Gwargwadon nauyin da aka zuba masa, gwargwadon yadda ya ke lumewa, har tazarar da ke tsakanin leɓensa da fuskar ruwa ta ƙare, sai igiya ƙarama ta isa ta cika shi. In nauyi ya taru a sama, kamar babura bisa buhuna ko mutane a tsaitsaye, jirgi ya kan rasa ƙarfin komawa daidai in ya karkata. In ruwa ya taru a cikinsa ba a kwashe ba, duk gefen da jirgi ya karkata can ruwan zai kwarara ya ƙara danna shi. Haka kuma in tsoro ya kama fasinja suka ruga gefe guda. Ruwan daɗi bai kai ruwan gishiri ɗaukar nauyi ba, saboda haka lodin da jirgi ya ɗauka lafiya a teku ya kan ƙara lumar da shi in ya shigo kogi. Duk waɗannan abubuwa da hisabi a ke sanin iyakarsu.

Turawa ma sai da suka sha wuya kāna suka koya. A Ingila masu jirage su kan cika tsofaffin jirage da kaya, su yi musu inshora, in sun nutse da ma'aikata su karɓi kuɗi. Wani wakilin majalisa, Samuwel Filimsol, ya yi ta faɗa har aka yi doka a 1876, a zana alama a cikin kowane jirgi, da'ira da layi a gicciye, wadda ruwa ba zai haye ta ba. Har yau tana nan jikin jiragen da ke tsayawa Apapa. Da jirgin Titanik ya nutse a 1912 da mutum wajen 1,500, aka tarar kwalekwalen ceton da ke cikinsa na wajen rabin mutanen ne, sai ƙasashe suka ƙulla alkawarin kiyaye rai a teku a 1914, wanda aka sabunta sau da dama, na 1974 shi a ke aiki da shi tare da gyare-gyarensa. A 1978 aka ƙulla wani bisa horon matuƙa da ma'aikatan jirgi da takardun shaidarsu. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin jiragen ruwa, wadda a ke kira IMO, tana Landan, Nijeriya kuwa ta shige ta a 1962.

To, ilmin nan hawa biyu ne. Hawa na fari shi ne na matuƙi da mai gyaran inji, kamar yadda a ke koyarwa a makarantar Oron ta jihar Akwa Ibom. Hawa na biyu, wanda a ke shiga bayan digiri na farko, shi ne na masu tsara doka, da masu duba jirgi su ce ya cancanci tafiya ko bai cancanta ba, da masu binciken sababin haɗari, da malaman da ke koyar da malamai. Misalinsu misalin almajiri da ya sauke, da wanda ya zarce ya zauna gaban malaman ilmi har aka ba shi izinin fatawa. Gari yana bukatar duka biyu, amma na biyun ya fi wuyar samu, ya fi kuma cin guzuri.

Fasali na huɗu: Wa ke biya a waɗansu ƙasashe?

A 1983 hukumar IMO ta kafa Jami'ar Ilmin Teku ta Duniya a birnin Malmo na ƙasar Suwidin, a zamanin sakatarenta Siribastaba mutumin Indiya, domin ƙasashe matalauta su sami masana nasu na kansu. Karatun digiri na biyu a can wata 14 ne. Ta yaye mutum fiye da 5,000 daga ƙasashe wajen 170, da 'yan Nijeriya a cikinsu. Kitak Lim na Koriya ta Kudu, wanda ya shugabanci IMO daga 2016 zuwa 2023, ɗalibinta ne. A 1988 aka kafa ƙanwarta a tsibirin Malta, mai koyar da shari'ar teku.

Abin lura ga attajirai shi ne, jami'ar nan bisa gudunmawa ta ke tsaye. Birnin Malmo ne ya ba ta gini, ɗalibanta masu yawa kuwa masu kyauta ne ke ɗauke musu kuɗin makaranta da na ci da na masauki. Babba a cikin masu kyautar ita ce Gidauniyar Nippon ta Japan, wadda Sasakawa ya kafa a 1962, tana ɗaukar nauyin ɗalibai a Malmo tun ƙarshen shekarun 1980. Akwai kuma asusun ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta duniya, wanda aka kafa a 1981 don jin daɗin ma'aikatan jirgi. A Ingila kamfanin nan Lloyd's Register, mai duba lafiyar jirage tun 1760, mallakar wata gidauniya ce tun 2012, ribar da ya samu ta kan tafi ga ilmi da binciken hanyoyin kiyaye rai. Masu ceto a gaɓar tekun Ingila kuwa, ƙungiyarsu tun 1824 ta ke, da kyauta da wasiyyar mamata ta ke sayen jiragenta, ta ceci rai fiye da 140,000.

Wajibi ne a faɗi gaskiya bisa asalin kuɗin gidauniyar Japan: wani kaso ne daga cacar tseren ƙananan jiragen ruwa, wadda dokar ƙasarsu ta yarda da ita. Caca haramun ce a shari'a, ba mai jayayya. Amma akwai abin kunya a nan ga mai hankali. In dukiyar da ta fito ta wannan ƙofa tana karantar da 'ya'yan Afirka yadda za su tsare rai, ina dukiyar halal ta fataken Musulmi? Wanda ya ƙyamaci rijiyar wani, sai ya haƙa tasa.

Fasali na biyar: Abin da littattafai suka hukunta

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a zaure. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane ɗalibi ya ke karantawa, ta kawo hukuncin hayar jirgi cikin babin ciniki: mai jirgi ba ya biyan abin da ya halaka, ba shi kuma da kuɗin haya sai ya isar da kaya. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa rashin biyan nan yana ga wanda bai yi ta'adi ko sakaci ba. Sun kuma halatta zubar da kaya in an ji tsoron nutsewa, ban da ɗan Adam, a raba asarar bisa dukiyar fatauci. A babin hajji sun ce hanyar teku kamar ta tudu ce, sai fa in halaka ta rinjaya. To, wa zai gaya wa alƙali cewa mai jirgi ya yi sakaci? Wa zai ce halaka ta rinjaya a wannan jirgi, ba ta rinjaya a wancan ba? Sai masanin sana'ar. Ashe fiƙihu da kansa yana neman wannan masani.

Imamu Gazali cikin Ihya'u ya lissafta likitanci da hisabi da sana'o'in da zaman duniya ba ya daidaita sai da su cikin farillan kifaya, watau abin da in waɗansu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kuwa laifi ya hau kan jama'a duka. Musulmi ba su bar ilmin teku ba a dā. Ahmadu ɗan Majid, matuƙin nan Balarabe na ƙarni na 15, ya wallafa littafi bisa taurari da iskoki da hanyoyin tekun Indiya. Ɗaukar nauyin ɗalibi a ƙasar nesa ma gadon wannan yanki ne: a shekarun 1240 alhazan Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibnu Rashiƙ a Masar, daga baya kuma aka san masaukin ɗaliban Barno a Azhar.

In wani ya ce ai ajali ne, sai a ce masa gaskiya ne, ba mai wuce kwanansa. Amma imani da ƙaddara bai kore riƙon sababi ba. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata gare shi, da umurnin Ubangiji ya sassaƙa jirgi tun ruwa bai zo ba. Sayyidina Umaru ya juya da jama'a daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can. Wanda ya zuba yara 50 a kwalekwalen mutum 20, ba tawakkali ya yi ba, amana ya tozarta.

Fasali na shida: Abin da ya kamata a yi

Wani zai ce aikin gwamnati ne. Lalle gwamnati tana da nata rabo. Akwai hukumar NIMASA mai kula da jiragen teku, wadda Dokta Bashir Jamoh ɗan jihar Kaduna ya shugabanta daga 2020 zuwa 2024, tun 2008 kuwa ta ke aika samari waje koyon tuƙi. Akwai hukumar NIWA a Lakwaja mai kula da koguna, wadda ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto. Akwai makarantar ilmin sufuri a Zariya tun 1986. Sai dai kogunan suna da tsawo, mafitai ba su ƙidayuwa, masana kaɗan ne, waɗanda suka iya zama da mai fito su yi masa bayani da Hausa ko Nufanci kuwa sun fi ƙaranci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Zakka tana da mutanenta takwas, ba a karkatar da ita yadda aka ga dama. Ƙofar da ta ke a buɗe ita ce wakafi, wanda a ke kira hubusi, da sadakar ganin dama, da wasiyya cikin sulusin dukiya. Jihohin Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi, ana iya koyi da tsarinsu. Ga yadda attajiran Kudenda da Kakuri za su iya yi.

Na fari, su haɗa hannu su tsayar da abin da ke kawo kuɗi, kamar sito kusa da tashar tsandauri, ko jerin shaguna, ko gidan haya. A rubuta wakafin gaban shaidu da hukuma, a naɗa masu kula amintattu, malami da ɗan kasuwa da masanin lissafi, su riƙa karanta wa jama'a abin da ya shiga da abin da ya fita kowace shekara. Asali ya zauna, amfani ya gudana.

Na biyu, a zaɓi ɗalibi don cancanta, ba don ɗan wane ne ba: wanda ya gama digiri na farko a aikin injiniya ko shari'a ko sufuri, ya kuma taɓa aiki, gama irin waɗannan makarantu sun fi son wanda ya riga ya san aikin. A fifita 'ya'yan bakin ruwa, na Yawuri da Nufe da Shiroro da masuntan kogin Kaduna, maza da mata, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ba dole sai Malmo ba. In guzuri bai kai ba, akwai jami'ar ilmin teku a Ankara ta Gana, akwai ta Larabawa a Iskandariyya.

Na uku, a yi sharaɗi a rubuce: ya komo ya yi shekaru sanannu yana hidima a kogunan ƙasarsa, ya kuma juya abin da ya koyo zuwa Hausa, da boko da ajami, a taƙaice, yadda Sarkin Ruwa da masu fito za su karanta. In ya saɓa, ya mayar da abin da aka kashe a karantar da wani.

Na huɗu, kada a jira sai ɗalibi ya komo. Yadda a ke ajiye buta da tabarma a masallaci don Allah, haka a ke iya ajiye rigunan ceto a mafita, har da ƙanana na yara, a hannun Sarkin Ruwa. A zana layin lodi da fenti a jikin kowane kwalekwale, a rubuta adadin mutanensa.

Na biyar yana wuyan malamai. Almajiri amana ne a hannun malaminsa. In za a ƙetare ruwa zuwa Maulidi ko saukar karatu ko musabaƙa, a ƙidaya yara, a tafi da rana, a yi sawu biyu ko uku in jirgi ya yi kaɗan. Makara a taro ta fi jana'iza. Limamai kuma su faɗi wannan a mumbari idan damina ta kama, lokacin da kogi ke cika.

Ba a ce takardar shaidar Malmo ita kaɗai za ta hana kwalekwale kifewa ba. Talauci ne ke sa mai fito ƙara mutum goma don kuɗin mai, lalacewar hanya da tsoron 'yan bindiga su ke tura mutane ruwa da dare. Amma duk ƙasar da ta rage wannan musiba, da masana ta rage ta, masu auna jirgi, masu rubuta doka daidai da halin mutanensu, masu bin sawun kowane haɗari har su gane inda aka kuskure. Masanin nan kuwa ba ya tsirowa kamar ciyawa, sai wani ya ciyar da shi shekara da shekaru.

Sananne ne ga malamai cewa sadaka mai gudana da ilmi mai amfani suna cikin abin da ladansa ke bin mutum kabari. Wanda ya tsayar da wakafi don ɗalibin wannan fanni ya haɗa biyun a aiki guda, yana kuma da rabo cikin ladan kowane yaro da ya ƙetare ya koma wurin uwarsa lafiya.

Allah ya kiyaye matafiya na tudu da na ruwa, ya sa albarka a dukiyar fatake, ya ƙara wa malamai basira, ya ba shugabanni ikon tsare amana. Amin. Wasalam.